Haramin Kaka

Har yau in na ratsa kasuwar Dira a Riyad na ji ƙamshin sabon harami, sai in ƙara sauri. Bari ka ji dalili.

Kakana na wajen uba tsohon malamin tarihi ne. Baba ya ɗauko shi daga Kano ya zauna da mu a Riyad, lokacin ido ya tafi, kunne ma ya fara binsa, bakin ne kawai bai gaji ba. Da zafi ya hana fita sai ya tara mu a gaban fanka, ya ce Girkawa ne suka raɗa wa ƙasar nan Arabiya Yudaimon, wato mai sa'a, Rumawa suka mayar Arabiya Felikis. Wai a Latin ƙarshen suna canzawa yake gwargwadon aikinsa a magana. Ya sa mu yi ta rerawa, Arabiya, Arabiyam, mu da ko Hausa ba ta ishe mu ba. In na yi dariya ya lalubo kunnena: "Ɗan nema, kafirai ma sun san darajar ƙasar nan. A cikinta za a binne ni." Burinsa ke nan duk duniya.

Baba kuwa direba ne, ya gaji da jigilar asibiti da sabunta iƙama, wato takardar izinin zama. Yakan yi tsaki ya ce, "Sa'ar me?"

Wata safiya ya shigo da sabon harami ya ce, "Malam, a shirya, Umra za a." Kaka ya yi wanka, ya ɗaura, har da kukan murna. Muka raka shi filin jirgi, Baba ya damƙa hannunsa ga wani ɗan garinmu. Mutumin ya ba da labari daga baya cewa tsohon nan bai daina Labbaika ba har jirgi ya sauka a Kano, aka fito da shi kafaɗa a waje, mutane na kallo. Bai sake yarda ya yi magana da Baba ba. Da damina ya rasu a can. Wallahi na tsani Baba shekaru.

Yanzu ina aiki a unguwar Ulaya nan Riyad, Baba ya tsufa, iƙamarsa a hannuna take, idonsa ya fara hazo. Bara na sayo masa harami na ce ya shirya mu je Umra. Ya daɗe yana shafa ƙyallen.

Can ya ce, "A mota za mu, ko?"