Na Gida Sai a Ƙarshe

Mani Mai Gangar Noma taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito. Saboda haka tun muna yara ban taɓa yi masa magana mai daɗi a gaban mutane ba, shi ma bai taɓa yi mini ba. Ina ce masa bawana, yana ce mini Mai Allura, wai duk zuri'armu ta manoma ni kaɗai na tsere wa rana na ɓuya a bayan keken ɗinki. Gaskiya ya faɗa, amma ban taɓa amsa masa ba.

Ba gadon kiɗa ya yi ba. Manomi ne, kuma ba wani manomin kirki ba, don bakinsa ya fi hannunsa aiki. Wata shekara aka kira gayya a ƙauyenmu, arewa da Bacirawa, mawaƙin da aka gayyato zazzaɓi ya kwantar da shi. Samari sun yi sahu da garemani, mai ganga na tsaye, ba mai waƙa. Sai Mani ya yar da garmarsa ya shiga bayansu yana zuga wannan, yana zolayar wancan. Kafin azahar an gama gonar da aka yanka wa yini guda. Da yamma ubansa ya ɗauko masa sanda, wai a gidansa ba za a yi maroƙi ba. Ubana, Muhammadu Sani, shi ya shiga tsakani. Ya ce a ƙyale yaro, wanda ya sa mutum talatin suka yi noman sittin ai shi ma ya yi noma.

Daga nan suka ɗinke da Hadi mai ganga da 'yan amshinsu, suka haura shekara arba'in tare. Damina ba ta yi a ƙasar Ungogo sai an ji su. Duk manomin da ya isa a kira shi manomi yana da takensa a gangar Hadi, yana da waƙarsa a bakin Mani. Kuma Mani ba ya zama a ɗaki ya shirya waƙa. Sai ya tsaya a bayan mutum, ya ga yadda ya duƙa, ya ga gumi ya tsattsafo a gadon bayansa, sannan magana ke zuwa masa. Amshi ne kawai ba ya sauyawa. Sauran kuwa na yau daban, na gobe daban, ko da yake akwai baitocin da jama'a suka saba ji, waɗanda in bai faɗe su ba sai an yi masa ihu.

Wadda ta fi kowacce suna ita ce ta ubana. Amshinta ko 'yan mata masu kai fura gona sun iya shi: Sani na Furera, rana ta gaji kai ba ka gaji ba. Furera uwata ce. Abin da ke tsakanin amshi da amshi kuwa, sunayen gonakinsa, da kakanninsa, da shekarar fari da ya buɗe rumbu ya raba wa unguwa, duk a bakin Mani kaɗai suke. Ni ban taɓa tsayawa na saurara ba. Ina jiyo gangar daga shago nake ƙara taka keke, don kada wani ya leƙo ya tambaye ni me ɗan Sani ke yi a inuwa.

Sai gari ya fara cin gona. Masu awo suka shigo da igiyarsu da turakunsu. Inda aka saba ganin dawa ta fi mutum tsawo, aka wayi gari bulo ne a jere. Waɗanda gonarsu ta rage suka koma feshi da garmar shanu, samari suka koma tuƙin adaidaita sahu. Gayya ta mutu ba wanda ya yi mata jana'iza. Mani ya gwada kiɗan biki, ya gwada na 'yan siyasa, bai iya ba. Ya ce mini shi bai san yadda ake yabon mutumin da ke zaune a kan kujera ba.

Bara da bazara muryarsa ta fara dishewa. Na ce masa alhakina ne ya kama shi. Ya sha zuma, ya sha citta da kanumfari, ya sha rubutu, abin sai gaba yake. Da muka je asibiti a birni aka ce ƙari ne a maƙogwaro, dole a yi aiki kafin kaka, kuma likitan bai ɓoye mana ba, bayan aikin da wuya ya sake magana. A cikin motar dawowa ban zolaye shi ba, shi ne ma ya gane lallai abin babba ne.

Muna sauka ya riƙe mini hannun riga.

“Zakiyyu,” ya ce, kuma ban san rabon da ya kira ni da sunana ba, “manoman nan da na yi wa waƙa duk sun mutu. A bakina kaɗai suka rage. In aka yanke nan, sun sake mutuwa.”

Muka fara neman abin da aka taɓa ɗauka. Kasusuwan kaset da ke akwatinsa zafi ya narkar da wasu, gara ta cinye kwalin sauran, wanda ya yi motsi a rediyo kuma ƙugi kawai yake. Masu tura waƙa a waya ba su da komai nasa. Shekara arba'in, ba a samu waƙa ɗaya cikakkiya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na zage shi tas, na ce mutumin da ya yi wa garin nan waƙa har ya tsufa bai taɓa tunanin ajiye ko ɗaya ba. Ya ce wa ya taɓa tunanin damina za ta zo ba gayya?

Aka haɗa mu da wani Mudassir mai situdiyo a Rijiyar Zaki, mutum mai haƙuri, ya ce a zaɓo fitattun waƙoƙin a haɗa su wuri ɗaya a memori. Ya shigar da Mani wani ɗan ɗaki mai soso a bango, ya sa masa abin ji a kunne, ya ajiye masa makirufo a gaba. Hadi ya saki take. Mani ya dubi soso, ya dubi makirufo, ya buɗe baki ya rufe. Aka sake. Ya yi amshi, ya tsaya. Muka yini a nan, muryar da ake tattali tana ta ƙarewa a gyaran murya.

“Wa zan yi wa?” ya ce. “Ba kowa a gabana. Ku ba ni bayan mutum.”

Na ce ga bayana. Ya ce bayan tela ko ƙuda ba ya yi wa waƙa.

To, sai a kira gayya. Faɗa da baki ba wuya. Na rufe shago na shiga yawo gida gida kamar mai neman aure. Wannan ya sayar, wancan ya yi feshi, wani kuma ya ce shi ba zai tara jama'a a gonarsa dillalai su san girmanta ba. Ga ruwa yana ta zuba, lokacin maimai yana wucewa, ga ranar aikin asibiti tana matsowa. Kullum da safe in na je gaishe shi sai na ji muryar ta ƙara yin ƙasa. Na hana shi magana, na hana shi amsa sallama da ƙarfi, har jikokinsa na kora daga zauren. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa ji ba ko ranar da aka binne ubana.

Daga ƙarshe Ummu Salma, wata gwauruwa da ta ƙi sayar da gonar mijinta duk da magiyar 'ya'yanta, ta aiko a ce mini ga gonar gero nan ciyawa ta ci ƙarfinta, ita za ta dama fura.

Labari na bazuwa, zauren Mani ya cika. 'Ya'yan manoman da suka mutu, waɗanda da hannunsu suka sayar da gonakin iyayensu, su ne suka zo suna durƙusawa. Baba Mani, a sa ta babanmu. Baba, kada a manta da Malam Shafi'i. Wani daga Kaduna ya taso. Na so in kore su, amma na ga manyan mutane da furfura suna share hawaye, sai na ƙyale su. Mani ya gyaɗa wa kowa kai.

Da suka watse na ce masa, “Da ta kawunka za ka fara. Ita ce babba, kuma muryar nan ba za ta kai ko'ina ba.”

Ya girgiza kai, ya ce a hankali, “Na gida sai a ƙarshe.”

“Wane irin na gida? Ana maganar rai kana maganar kara?”

“In na fara da kawu, me za a ce? A ce Mani ya tara mutane ya yi wa gidansu. Ka taɓa ganin mai gida ya riga baƙo sa hannu a akushi?”

Na yi faɗa, na yi magiya, na haɗa shi da girman uwarsa. Na je wajen Hadi ya sa baki, Hadi ya ce ai gaskiyar Mani ce. Abin haushin, da ni ne a matsayinsa da haka zan yi, kuma da ubana na raye da shi zai fara cewa a bar tasa a baya.

Ranar gayya aka tashi da lumshi. Waɗanda suka yi sahu abin dariya ne da abin kuka: tsofaffi masu ciwon baya, da 'yan adaidaita da suka riƙe garma kamar za ta cije su. Mudassir ya bi bayan Mani da makirufo a kan sanda, yana tsallake kunya da takalminsa na birni. Hadi ya saki taken Malam Shafi'i. Ɗansa, mai sayar da siminti, ya tuɓe riga ya duƙa. Mani ya kalli bayan nan, bayan ubansa sak, sai muryar ta fito. Ba irin ta da ba ce, a dishe take, amma ta fito, kuma magana ta biyo ta kamar an fasa madatsa. Mutumin nan yana noma yana kuka, majina har ƙasa.

Aka gama wannan aka shiga wata. Ana gamawa wani zai yi wuf ya duƙa a gaba. Ni ba waƙar nake ji ba, muryar nake aunawa. Da hantsi ya ɗaga ta fara tsagewa. Na kai masa ruwan ɗumi da zuma, na raɗa masa, “Yanzu, don Allah, yanzu.” Ya ɗaga mini hannu, ya nuna wani dattijo da ke jira da garmar ubansa. Bayan shi akwai wani. Na tsaya a bakin gona ina cizon yatsa, ina ji ana tafiya da abin da ya rage kaɗan kaɗan, kuma ba wanda zan ce ya yi laifi.

Rana ta karkata kafin mutum na ƙarshe ya miƙe. Mani ya juyo ya neme ni da ido, ya nuna ƙasa. Na cire hula da riga, na karɓi garma a hannun wani. Rabona da ita tun ina saurayi. Hadi ya saki taken ubana, tsofaffin nan suka ɗauka gaba ɗaya: Sani na Furera, rana ta gaji kai ba ka gaji ba. Na duƙa na kafta. Na jira.

Ganga na tafiya. Inda ya kamata murya ta shigo, ba ta shigo ba. 'Yan amshi suka jira gurbin ya wuce, suka sake amsawa. Ban ɗago ba, na ci gaba da nomana na tela, ina cewa a raina ko dai bayana ne bai ishe shi ba. Na ƙara ƙarfi har tafin hannuna ya fashe. Da na kai ƙarshen kunya na waiwaya, sai na ga bakinsa yana ta motsi, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana nuna ni da hannu kamar yadda yake nuna ubana. Waƙar yake yi, tun daga farko yake yin ta. Iska ce kawai ke fita.

An yi aikin, Allah Ya tashi kafaɗarsa, yana nan da rai, amma maganar likita ta tabbata. Memorin ya fito, ya kuma karɓu fiye da yadda muka zata. Ka shiga adaidaita daga Ungogo zuwa Bacirawa, da wuya ba ka ji Malam Shafi'i yana noma ba. Mudassir ya tambaye ni ko a cire ta ƙarshen, tunda ba komai a ciki sai ganga da amshi da ƙarar garma. Na ce ya bar ta.

Na je wajen Hadi ya faɗa mini baitocin. Ya ce shi shekara arba'in ganga na ƙarƙashin kunnensa, abin da Mani ke faɗa rabi yake ji. Tsofaffi kowa ya kawo guntu, wani ya saɓa wa wani, har suka kusa faɗa a kan sunan kakan ubana. Mani kuwa bai iya rubutun da zai ɗauki waƙa ba.

Yanzu bayan la'asar nakan rufe shago in tafi zaurensa. In kunna ta ƙarshen, in ja tabarma in zauna dab da shi, gwiwa da gwiwa. Amshi na wucewa sai ya fara motsa baki, a hankali, don in gane. Ina kallon leɓɓansa har idona ya yi ruwa. In na faɗi abin da nake zato, sai ya girgiza kai, ya doke ni a cinya, ya nuna a mayar baya. Jiya na ce masa ya ƙyale ni haka, na gaji, ba zan taɓa ganewa ba. Ya miƙa hannu ya sake kunnawa da kansa.