Injin Gahawar Surukina

Shekarar da surukina ya dawo daga Makka, ya faɗi magana guda a zaurensa na Maradun, cewa ya sha gahawa a can kuma ta yi masa daɗi. Kowa ya ji ya wuce, ban da ni. Ni kaɗai Allah ya ba basirar gane cewa tsohon nan injin gahawa yake so.

Dalilina ba ɓoyayye ba ne. Mijin ƙanwar matata mahauci ne a Bakura, duk zuwansa da ƙunshin kilishi, kuma Baba da fara'a yake tarbarsa. Ni kuwa malamin makaranta ne daga Talata Mafara, shekara bakwai ina durƙuso ina tashi, ban taɓa samun abin da ya wuce "Malam, an iso?" ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Mako uku na yi ina zaɓe a waya. Akwai mai niƙa ƙwayar da kansa, akwai mai tayar da kumfar madara, duk na karance su kamar zan rubuta jarrabawa. Matata ta leƙo ta ce, "Baba fa shayi yake sha da burodi." Na yi mata kallon tausayi. Na zaɓi mai ƙyalli, wanda ke tatso irin wadda ake kira esfireso, baƙa ƙirin, 'yar mitsitsiya a gindin kofi.

Duk ilimin nan nawa bai tuna mini cewa wuta baƙuwa ce a unguwarsu ba, ranar da na kai masa injin sai da aka tayar da janareta. Bai kuma tuna mini cewa ba a ci ko sha a gaban suruki ba. Haka na cika ɗan ludayin ƙarfen injin da garin gahawa, na danna, na ɗaura, injin ya yi gurnani, na miƙa wa dattijo abin da ni kaina ban taɓa ɗanɗanawa ba. Ya kurɓa, ya daɗe yana kallon bango.

"Madalla," ya ce. "Allah shi yi albarka."

Na koma gida ina jin na gama da mahauci. Daga nan duk zuwana sai a tayar da janareta, in haɗa, ya shanye a gabana. Wata biyar muna haka, ina cika ina batsewa.

Matata ce ta fasa min ƙwan, ranar da na ce zan saya masa gari mai ƙarfi. Ta ce duk ranar da na je, Baba wuni yake zuciyarsa na bugawa saboda gahawar. Ta Makkan ma ruwa-ruwa ce, dabinon da aka haɗa masa da ita yake yabo. Ya hana kowa faɗa mini, wai kada in ji kunya. Ban taɓa jin na muzanta kamar ranar ba.

Ba zan iya ce masa ya daina ba, shi ma ba zai ce in daina ba. Da na koma, na faki ido na zare ludayin na jefa a aljihu, na duba injin sama da ƙasa da fuskar jimami.

"Baba, wani ƙarfe ya ɓace. Ba zai yi aiki ba."

"Ashsha," ya ce. "Kuma ba a samun irinai nan kusa?"

"Ba a samu."

Ya sa aka kashe janareta, ya jawo butar shayinsa daga kan gawayi. Na yunƙura zan ba shi wuri, sai ya nuna min gefen tabarmarsa, inda ban taɓa zama ba.

"Zamna nan, ɗana," ya ce. "Amma ka gyara aljihun ga, kar abin shi huda maka riga."