Ranar da Larabci ya ɓace daga kwamfutar kawuna

Shekarun baya, ina gyaran kwamfuta a Gaya, na shiga sahun masu aikin sa-kai na wata babbar manhaja ta kyauta, irin wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya gyara. Gwaji kawai nake yi musu, amma yadda nake tallata ta sai ka rantse gadon gidanmu ce.

Kawuna yana da Islamiyya a Toranke, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, da kwamfuta ɗaya da ake buga jarrabawa da ita. Manhajar da ke kanta ta sata ce. Na dame shi da ya koma tamu har ya ce, "In dai taka halak ce, goge waccan."

Ana nan sai jagororin aikin suka zo da sabon tsari: a raba manhajar gunduwa-gunduwa, kowa ya sauko da wadda yake buƙata daga intanet. Har da ni a masu tafi. Na loda sabuwar a filas, na hau babur na je na saka wa kawu ana gab da jarrabawa. Da ya buɗe tambayoyin Hadisi, babu harafi ko ɗaya, sai ƙananan akwatuna a jere. Ashe rubutun Larabci yana cikin abin da aka ware. A lokacin kuwa, ko kiran waya ne a unguwarsu sai ka fita bakin gona.

Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, halak ɗin naku bai yi makaranta ba ne?"

Na koma Gaya na sauko da gunduwar, na kawo, ta ƙi zama, wai sai ta ji intanet. Abokina mai shago kusa da nawa ya ce, "Malam, mayar masa da ta satar nan ka huta." Na ce wallahi ba zan mayar ba. Kawu ma ya ƙi, ya ɗauki alli ya rubuta jarrabawar a allo, aji bayan aji, da ciwon gwiwarsa. Abin ya ƙona min rai sosai.

Na rubuta wa jagororin, da Turancina mai ɗingishi, cewa a mayar da Larabci cikin uwar manhajar. Suka ce mai so ya sauke, dannawa ɗaya ce. Na ce dannawarku ɗaya tafiyar babur ce a wajenmu. Aka yi ƙuri'a, na sha ƙasa.

Sai na zauna na koyi haɗa gunduwowin da kaina, na yi tawa mai Larabci a ciki, wadda ba ta neman intanet. Ita makarantun Ajingi ke karɓa hannu da hannu yanzu.

Na gane cewa in ba ka wajen da ake yanka, rabonka ake fara cirewa, ko da babu mugunta. Har yau ba su mayar ba. Duk fitowar sabuwa sai na sake shigar da buƙatar, su rufe, in sake buɗewa. Za mu ga wanda zai fara gajiya.