Birgadiye Lawali, Ɗalibin da Na Zalunta

Ranar Talata da hantsi, ina tsaye gaban allo a kwalejin da nake koyarwa a Magariya, sai waya ta motsa a aljihuna. Ba na ɗaukar waya a cikin aji, amma da na ga sunan Hadiza sai na fita baranda. Ba ta tsawaita gaisuwa ba. Ta ce, "Mushe, Baba ya cika da asuba. Yanzu ake shirin kai shi, a nan Kwaya." Na faɗi abin da Musulmi ke faɗi in mutuwa ta sauka, cewa mu na Allah ne kuma gare Shi za mu koma. Na koma aji na sallami ɗalibai tun lokaci bai yi ba.

Mahaifinta shi ne Birgadiye Lawali Isufu, ɗan sanda mai ƙaramin muƙami, mutumin Kwaya, wanda ya yi shekara ashirin da shida cikin kaki. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ina kiransa Baba Birgadiye, shi kuwa bai taɓa kama sunana ba, sai dai Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan, domin wata takwas ya yi yana koyon Ingilishi a hannuna. Al'adar masu irin wannan rubutu ce su faɗi alherin mamaci su tsaya nan. Ni ba zan iya tsayawa nan ba, domin halinsa ba zai fito sarai ba sai na faɗi abin da muka yi masa.

Wata la'asar bayan girbi ya fara zuwa gidana. Ya jingine motonsa mai ƙafa biyu, ya cire hula, ya zauna a gefen tabarma kamar mai neman alfarma. Ya ce an sanar za a zaɓi 'yan sanda a tura su aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa da ake magana da Ingilishi, kuma shi ma ya ba da sunansa. Sharaɗi biyu ne: gwajin gudu da jarrabawar harshe. Na dubi furfurarsa da tumbinsa, na tambaye shi me zai kai shi ga wannan wahala. Ya gaya mini cewa waɗanda ya koya wa ɗaura igiyar takalmi, yau shi ke ƙamewa yana sara musu. Sannan ya ce, "Ba na hassadar kowa, Mushe. So nake dai kafin in tuɓe kakin nan a ce sau ɗaya ni ma an zaɓe ni."

Ban taɓa samun ɗalibi irinsa ba. Yana da kaye guda, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango, ya raba kowane shafi uku: Ingilishi, Faransanci, Hausa. Kalmomin aikinsa ya fi so, yadda ake cewa kamu, da shaida, da ankwa, da sintiri. Kalma ɗaya sai ya maimaita ta har leɓensa ya bushe, kuma bai taɓa zuwa hannu sake ba: yau gyaɗa, gobe wake daga gonarsu. Ran da na koya masa cewa masu Ingilishi kan ce "caught red-handed", wato an kama mutum da jan hannu, in an rutsa shi yana cikin aikata laifi, ya daɗe yana juya maganar. Daga nan ya ce, "Wanda aka kama da jan hannu ma, a fara ba shi ruwa ya wanke, sannan a tambaye shi."

Ba fatar baki ba ce. Ƙaramin yatsansa na hagu a karkace yake, kuma duk wanda ke cin kasuwar Sassumbrum ya san dalili. An taɓa kama wani da ragon sata a ranar kasuwa, jama'a suka yi kansa da sanduna. Baba Birgadiye ba ya ma cikin kaki ran nan, sayen igiya ya je, amma ya shige tsakiya ya rungume ɓarawon. Sandan da aka kai wa kan mutumin ne ya sauka a hannunsa. Bai taɓa ba ni labarin da bakinsa ba. Da na tambaye shi yatsan, cewa ya yi jaki ne ya taka shi.

Da muka kai babin lokutan shekara, muka tarar da hoton mutane kwance a bakin teku, tsirara sai ɗan kamfai, rana na dukansu. Ya tambaye ni ko horo ake musu. Na ce a'a, wannan shi ne "summer", lokacin zafinsu, kuma shi ne lokacin hutu da jin daɗi a wajensu. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce wanda rana ba ta taɓa kashe wa saniya ba shi ke kwanciya a gabanta. Ya ƙi yarda ya rubuta bazara a gefen kalmar. Ya ce ba abu ɗaya ba ne, ya bar wurin Hausar fili.

A ƙofar gidana akwai fada, inda malamai da matasan ma'aikata ke shan shayi bayan la'asar. A cikinmu akwai Nasiru, wani matashin jami'i da ya fi Baba Birgadiye muƙami a wurin aiki. Shi ya fara cewa in an gama darasi Baba ya zo ya gwada mana Ingilishinsa. Baba ya ɗauka taimako ne. Yakan miƙe tsaye ya karanta abin da ya haddace, harshensa na tuntuɓe, mu kuwa muna danne dariya cikin kofin shayi. Nasiru na ɗaukarsa da waya. Da safe kuma in yana zagaya filin ƙwallo da tsohon takalminsa, tumbi na rawa, a can ma akwai mai ɗauka. Ba a jima ba hotunan suka cika wayoyin gari. Ni malaminsa ne, kalma ɗaya daga bakina ta isa ta tsayar da abin. Ban faɗe ta ba, domin ni ma ina jin daɗin yadda fadata ta cika.

Sai aka ce wani babban jami'i zai zo rangadi daga Damagaram, wanda ya taɓa zuwa irin wannan aiki kuma yana jin Ingilishi. Baba Birgadiye ya roƙe ni in rubuta masa jimla guda gajera da za ta nuna cewa shi a shirye yake, jikinsa da ƙarfi. Dabarar ta Nasiru ce, amma hannuna ne ya riƙe bik, wato biro. Na rubuta masa "I am a couch potato". Ma'anarta, ni dankalin kujera ne, wato malalacin da ba ya tashi daga inda ya zauna. Kwana uku yana haddace ta. Ran da baƙon ya zo, Baba ya fito daga sahu, ya ƙame, ya sara, ya faɗe ta da ƙarfi a gaban ƙannensa na aiki. An ce baƙon ya riƙe ciki don dariya, sannan ya fassara wa kowa. Daga ranar sunansa ya koma Dankali. Har masu kabu-kabu da yake tsarewa a hanya da shi suke kiransa.

Na ɗauka ba zai ƙara taka gidana ba. Washegari da la'asar sai ga shi, da gyaɗarsa a ƙulle. 'Yarsa Hadiza, wadda ke ajin ƙarshe a lise, babbar sakandare, ta duba masa ƙamus ta tabbatar masa da ma'anar. Bai ɗaga murya ba, bai ma tambaye ni dalili ba. Ya buɗe kaye daidai shafin, ya miƙo mini, ya ce, "Mushe, gyara mini da jan bik. Ba na son kuskure ya zauna a kayena." Na gyara. Ya ce mu ci gaba daga inda muka tsaya. Fada ce dai bai sake zama a cikinta ba.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila na iya kallon iyalinsa a ido. Ana shiga bazara Nasiru ya gaya mini, yana murmushi, cewa tun watan farko aka cire sunan Baba saboda shekarunsa sun wuce ƙa'ida. Takardar tana cikin durowarsa. Ya ce a bar shi ya ci gaba, ko ba komai tumbin zai ragu. Ya kuma gaya wa Baba cewa da tsakar rana ake yin gwajin gudun, don haka gara ya saba. Baba ya gaskata, ya mayar da gudunsa daga safiya zuwa gab da azahar, a lokacin da ko jaki neman inuwa yake.

Mako shida na riƙe wannan magana a cikina. Kullum yana zuwa, leɓe a tsattsage, ya zauna ya haddace yadda ake cewa numfashi, da juriya, da bugun zuciya. Kullum ina cewa gobe zan gaya masa. Ba tausayi ne ya hana ni ba. Tsoro nake ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na taɓa ce masa dai ya rage gudun rana, sai ya amsa mini da cewa wanda ya makara ba ya zaɓen inuwa.

Wata Alhamis ya faɗi a ƙarshen fili, babu kowa kusa. Wani mai amalanken jaki da ke dawowa daga ɗiban ruwa ne ya gan shi, ya ɗora shi a kan jarkoki ya kai shi likita. Suka ce hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ƙwace masa sai kalma ɗaya ɗaya. Mutumin da ya yi wata takwas yana neman harshe na uku ya wayi gari na uwarsa ma ya gagare shi. Aka mayar da shi gida Kwaya. A fadarmu aka yi jimami na kwana biyu, aka goge hotuna daga wayoyi, aka ci gaba da shan shayi.

Shekara guda da 'yan watanni ya yi a kwance, kuma sau ɗaya tak na je duba shi. Na tafi da niyyar in faɗa masa komai. Na same shi a rumfa, ya rame har kakinsa da ke rataye a bango ya zama kamar na wani. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin tashi zaune, matarsa Inna Rabi ta tallafe shi. Ya kama hannuna da na hagunsa, ya daɗe yana kokawa da bakinsa, sannan kalma ta fito: "Takarda?" Takardar kiransa zuwa jarrabawar yake nufi. Na dubi idonsa, na ce masa tana hanya. Ya gyaɗa kai, ya sa aka ɗebo mini wake.

Ran da ya rasu na isa Kwaya bayan azahar, an riga an dawo daga maƙabarta. Na zauna cikin maza aka yi addu'a. Mutane daga Dungas, daga Dogo-Dogo, kowa da abin da yake tunawa: wannan ya raka matarsa likita da motonsa, wancan ya raba shi da makiyayi ba tare da an kai ga hukuma ba. Nasiru bai zo ba, an yi masa canjin wurin aiki da ƙarin girma. Da jama'a suka ragu na nemi iso wajen Inna Rabi. Na durƙusa a bakin ƙofa, Hadiza na gefenta, na faɗa musu duka, har da mako shidan, har da ƙaryar da na yi masa a rumfa. Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta gaya mini cewa har makon da ya cika, in ya ji ƙarar moto a ƙofar gida sai ya juya kai, yana zaton saƙon ne ya iso. Ta ce, "Wanda zai yafe maka an rufe shi da hantsi. Ni ba a gabana kuka yi dariyar ba. Ka je ka faɗa inda kuka yi ta." Ta ja mayafinta ta juya fuska ga bango. Hadiza ta raka ni har zaure, ba ta ce mini sauka lafiya ba.

Na faɗa a fada, wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ce ajali ne, in daina tone-tone. Ajali ne, ban musa ba. Amma da zafin ranar da aka tura shi cikinsa, da shirun da na yi, ba ajali ne ya yi su ba. Shi ya sa na rubuta, domin duk wanda hoton nan ya taɓa shiga wayarsa ya san ko wane ne ya yi wa dariya.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa Lawali ɗan Isufu. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinsa Ka sanyaya shi, Ka ba shi matsayin da mutane suka hana shi. Ka ba Inna Rabi haƙuri da lafiya, Ka raya Hadiza da ƙannenta, Ka tsare su daga hannun irinmu. Mu kuwa da za mu tsaya da shi a gabanKa ranar da babu mai ɓoye magana, Ka ba mu tuba ta gaskiya kafin tamu ta zo. Amin.