Baba Tamanin da Soket Ɗin Ofis

Shekara ashirin da shida Baba Tamanin ya yi yana masinja, goma daga ciki a kan benci ɗaya, gefen soket ɗin da ya rage yana aiki a duk ofishin. Wayarsa shekararta bakwai, bai taɓa canja mata batir ba, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha wannan labari.

Dokokinsa kaɗan ne. Ba a barin waya ta mutu, ba a latsa ta tana caji, ba a ajiye ta a rana. Babbar dokar, wadda ta ba shi suna: caji na kaiwa tamanin zai zare, ko wayar wa ce.

"Batir ciki ne," yakan ce. "Ka cika shi taf kullum, ka ga yadda zai yi tumbi."

Aka kawo sabon manaja. Ran Talata ya bayar da wayarsa a sa masa a caji, zai yi tafiya. Ya fito ya same ta a tamanin, an naɗe cajar tsaf.

"Wa ya cire?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ai ta ƙoshi."

"Ka ƙara taɓa ta, a sito za ka ƙarasa aikinka."

Sito ɗaki ne a can baya, ba taga, sai tsofaffin takardu da ƙura. Baba kuwa bencin nan ne duniyarsa, don duk wata hira ta gabansa take bi.

Ran Alhamis manaja ya sa wayar da kansa, ya ɗora ta a bakin taga, rana na dukanta. Baba ya danne hannuwansa da cinyoyi. Mai buga takardu, wadda ya sha zare wa waya, ta leƙa.

"Baba, tamanin da uku fa."

"Ban aike ki ba, 'yar nan."

"Casa'in, Baba," in ji direba. "Taɓa ka ji, kamar dutsen guga."

A casa'in da bakwai Baba ya miƙe, ya zare, ya mai da ita inuwa. Sannan ya ɗauki bencinsa, ya nufi sito tun ba a ce masa ba.

Kwana huɗu ofis ya rikice. Babu mai tsare layi, kowa sai ya zare ta wani ya sa tasa. Manaja da kansa ya dawo daga taro ya tarar da tasa a kan tebur, caji sha ɗaya, ta direba a maƙale. Sai mai buga takardu ta lura Baba bai zo neman caji ko sau ɗaya ba. Ta bi shi sito. A bayan kabad akwai soket lafiyayye, wanda Baba ya san da shi tun shekara tara, bai gaya wa kowa ba. Nan da nan labari ya zaga ofis.

Da azahar manaja ya tsaya a ƙofar sito, waya a hannu.

"Baba, akwai wuri?"

"Akwai, ranka ya daɗe. Amma tamanin fa."

"Tamanin ɗin."

"To, ajiye nan. Kai ne na uku."