Amsar da Baffa zai kai gidan su Nafisa

Jiya ina zaune a rumfar Baffa, yayan mahaifina, inda yake wankin hula a Ƙofar Guga, sai ya ce, "Jibi za mu je nema maka auren Nafisa. In sun tambayi sana'arka, mi zan ce masu?"

Shekara biyu ke nan ina bounty: masu sabon kuɗin intanet na kirifto su sa gasa, in fassara masu sanarwa zuwa Hausa, in tallata, su biya ni da kuɗin nasu. Amma kowa a gida cewa yake danne-dannen waya nake.

Na sunkuyar da kai na ce, "Baffa, ɗan abin ɗebe kewa ne kawai."

Ya aje hular hannunsa. "Ranar da ba ka jin daɗi, kana yi?"

"Ina yi, don akwai wa'adi."

"In ka yi algus fa?"

"Cire ni za su yi. Wani lokacin ma sai in gama wahalar, kuɗin su zama ba su da daraja."

Ya nuna mani wasu huluna da suka daɗe a rataye. "Waɗannan na wanke su tas, masu su ba su dawo ba. Ka taɓa jin na ce wasa nake? Tafinta zan ce masu. Kada ka ƙara raina abin da ke ciyar da kai."

Wallahi sai da idona ya cika. Allah ya saka wa Baffa da alheri.

'Yan bounty, ku wa ya fara kiran naku aiki?