Ranar da Madam Ta Juye Akwatina

Shekara goma sha biyar na yi ina sayar da magani ban san abin da nake sayarwa ba. Akwatin katako gare ni, ina ɗaure shi a bayan babur, ranar kasuwar Mokolo in shimfiɗa buhu in baje kaya. Da launi nake gane ƙwayoyin: ja da rawaya na ciki, fari na kai, ɗan kore na manoman da gajiya ta kama. Da jandarmomi suka matsa mana da kwashe kaya, na gaji da gudu. Na sauko Garwa ina da shekara arba'in da ɗaya, na shiga wata ƙaramar makaranta da ke koyar da aikin farmasi.

Duk ajin ba wanda ban isa in haifa ba, amma wannan bai dame ni ba. Malamarmu ce ta dame ni. Madam muke ce mata. Tana da farmasi nata a cikin gari, kuma ba ta ɓoye ƙiyayyarta ga irina. Ranar farko ta tambayi kowa sana'arsa, ni kuwa na faɗi gaskiya. Da na sani da na ce dillancin shanu nake yi.

"Mutum nawa ka binne?" ta tambaye ni da Faransanci. Sai ta maimaita da Fillanci, don kada in ce ban ji ba.

Daga ranar ba ta sake kiran sunana ba. "Dokta na kasuwa, karanta mana." Faransancina na firamare ne, ya yi tsatsa. In na yi tuntuɓe a sunan magani, sai ta bar ni a tsaye har wani ya gyara mini.

A wata na uku ta ce in kawo akwatina, za ta yi darasi da shi. Na zaci sulhu take nema. Har goge shi na yi. Da na ajiye, ba ta buɗe da hannu ba, kife shi ta yi a kan tebur, kwalabe suka gangara ƙasa. Ta riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya da yatsu biyu, tana faɗa wa aji aibin kowanne. Wannan wa'adinsa ya wuce da daɗewa. Wannan rana ta dafa shi. Wannan ko suna babu a jikinsa. Sai ta ɗaga wata kwalba.

"Wannan wa kake ba wa?"

"Masu ciwon gwiwa, Madam."

"Na shanu ne. Ga hoton saniya, ko shi ma ba ka iya karantawa ba?"

Ajin ya fashe da dariya. Ni kuwa hankalina ya tafi kan wata tsohuwa da ke saukowa daga dutse duk mako ta sayi wannan kwalbar, wadda wata rana ta daina zuwa, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Madam ta sa na tsince komai a durƙushe, na kai ramin shara da ke bayan makaranta.

Ashe wata ɗaliba ta ɗauki abin a waya. Kafin mako ya zagayo hoton ya kai Mokolo. Aminina, wanda muka yi shekaru muna baje kaya kusa da juna, ya kira ni.

"Malam, ka kyauta. Ka je ka tona mana asiri wajen masu farar riga, yanzu yara na nuna mu da yatsa."

"Wallahi ban san za a ɗauka ba."

"Ai ka zama ɗan lekol, ɗan boko. Kada ka ƙara zama a buhuna."

Ya kashe wayar. Da na je gida hutu, na yi sallama a layinmu, mutum biyu ne suka amsa, su ma a ciki-ciki.

Ban bar makarantar ba, kuma ba don son ilimi ba. Taurin kai ne. Na rantse ba zan ba matar nan daɗin cewa ta kore ni ba. Na haddace sunayen da ke karya mini harshe, na ci jarrabawa. Ranar ba da takarda ta miƙo mini tawa tana magana da wani.

Yanzu ina aiki a wani farmasi kusa da asibiti. Ba na ba kowa ƙwaya sai na duba wa'adinta sau biyu. Duk abin da Madam ta faɗa a kan kayana gaskiya ne, ban taɓa musu ba. Amma tana iya kirana gefe ta faɗa mini, ta zaɓi ta durƙusar da ni a gaban yara. 'Yata ta ce in yafe, ai Madam ta yi mini rana. Na ce mata in ita ce aka yi wa, sai ta yafe.